FILIN MATA: Tsiron Hatsi Ga Kajin Gida

 Ga shi damina ta yi nisa, ciyawa ta bushe, bayan gida ya zama fetal, kaji sai tono su ke yi tun safe har magariba ba su samun ko ɗan ganye guda da za su tsinka. Saboda haka na ga yanzu ne ya kamata mu tattauna wata dabara da ta bazu a tsakanin mata masu kiwo, watau tsirar da hatsi cikin tire ko kwando, ba ƙasa ba taki, sai ruwa kurum, sa'an nan a ba kaji su ci da saiwarsa da ganyensa duka.

Ba abin mamaki ba ne da dabarar nan ta sami karɓuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na shekarar 2023, masara da gero da abincin kaji na buhu suka yi ta hawa, har a 2024 masu kiwo da yawa suka rage kajinsu don ba su iya ciyar da su. Ga mace kuwa kaza ba abin wasa ba ce. Ita ce asusunta. Da kuɗin ƙwai ta kan sayi sabulu da gishiri da littafin yaro, in baƙo ya sauka da dare ita a ke kamawa, in Salla ta matso ita a ke kai wa kasuwa a ɗinka wa yara. To, mace tana cikin wannan hali sai a ce mata ga hanyar da mudu ɗaya zai zama mudu shida cikin kwana bakwai, ina za ta ƙi saurara?

Dabarar tana da amfani, ni ma ina so ku yi ta. Amma sai mun fara gyara lissafin, domin nan ne a ke yin hasara.

INA MUDU SHIDAN YA FITO?

Gaskiya ne in kika jiƙa alkama kilo 1 kika yi ta ba ta ruwa kwana 7, za ki ɗago wani shimfiɗaɗɗen abu kamar tabarma, kore shar, mai nauyin kilo 5 ko 6. Amma ki tambayi kanki, daga ina ƙarin nauyin nan ya zo, alhali ba ki sa ƙasa ba, ba ki sa taki ba? Daga ruwan da kika zuba ya zo. Busasshen hatsi ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 zuwa 12 cikin 100 ba. Tsiron kwana 7 kuwa wajen kashi 85 cikin 100 duk ruwa ne. In kika shanya tabarmar nan ta bushe ƙayau kika auna, ba za ta kai kilon nan guda da kika fara da shi ba.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar hatsi guzurin ɗan tsiro ce. Garin da ke cikinta shi ya ke ci ya yi saiwa ya yi ganye, kamar yadda ɗan tsako ke rayuwa da gwaiduwa kafin ya fasa ƙwai. Kafin ganyen ya yi girman da zai fara samo abinci daga hasken rana, ya riga ya ƙone wani kashi na garin nan. Watau abincin raguwa ya yi, ruwa ne ya ƙaru.

Yanzu mu duba cikin kaza. Kaza mai ƙwai irin ta gidan gona ta kan ci abinci gram 110 zuwa 120 a yini. In aka ce da tsiro kaɗai za ta sami abin da ke cikin wannan, sai ta ci wajen gram 700, abin da ya kai rabin nauyin jikin kazar Hausa. Ba ta da wurin zuba shi. Za ta cika cikinta da ruwa da ganye ta koma gefe, ke kina ganin ta ƙoshi, ita kuwa yunwa na cinta. Bayan haka kaza ba tunkiya ba ce, ba ta tuƙa, hanjinta gajere ne, ba ta iya narkar da ganye mai yawa. Ga shi kuma mai ƙwai tana bukatar abinci mai furotin, watau sinadarin gina jiki, kashi 16 ko 17 cikin 100, hatsi kuwa bai fi 8 zuwa 12 ba, tsirarwa ba ta cike wannan giɓi. Haka kuma tana bukatar wajen gram 4 na kalsiyam kullum, sinadarin da a ke gina ɓawon ƙwai da ƙashi da shi, hatsi kuwa ko tsirarre ko busasshe ba shi da abin kirki na wannan.

Don haka wadda ta janye wa kajinta rabin abincinsu ta maye da tsiro, nan da mako biyu ko uku za ta ga ƙwai ya ragu, wanda aka yi ma ɓawonsa ya yi laushi, kashinsu ya zama ruwa, in ta ɗaga kaza ta shafa ƙirjinta sai ta ji ƙashi ya fito kamar bakin wuƙa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

TO, MENE NE AMFANINSA?

Amfaninsa shi ne amfanin miya a kan tuwo. Ba wadda za ta ba maigida miya zalla ta ce ya ci abinci, amma kuma gidan da a ke cin tuwo gaya wata huɗu, jikin mutanensa zai nuna. Da damina kajinmu su kan sami ɗanyen ganye da ƙwari ko'ina. Da rani kuwa sai dusa da gero da farar masara, waɗannan kuwa ba su da sinadarin nan mai launin rawaya da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. In kaza ta daɗe ba ta samunsa, idanunta su kan yi ruwa, wani lokaci har su tara farin abu kamar cuku, ƙwai ya ragu, wanda ta kwanta a kai kuma ya ƙi ƙyanƙyashewa da kyau. Koren tsiro yana ɗauke da sinadarin nan, shi ya sa bayan 'yan kwanaki za ki ga gwaiduwa ta daina fari-fari ta koma launinta na damina. Mai sayen ƙwai kuwa da gwaiduwa ya ke gane na gida.

Na biyu, in hatsi ya fara tsira garin cikinsa ya kan soma juyewa zuwa sukari, ya yi taushi ya yi ɗan zaƙi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don waɗansu masu kunun zaƙi da tsiron shinkafa ko na gero su ke samo zaƙin kununsu. Kaji suna sonsa ƙwarai. Na uku, kajin da ke kulle a akurki ba su da aikin yi, sai su kama fizgar gashin juna, wani lokaci har jini. In aka jefa musu ɗan yankin tsiro suka dukufa a kansa, sai su bar juna su huta.

Ba yau aka fara wannan ba. Fiye da shekara 100 da suka wuce masu kiwon kaji a Amurka su kan tsirar da wani hatsi nasu mai suna ot a cikin ɗaki lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasa, don kajinsu su sami kore. Ba su taɓa ɗaukarsa a matsayin abincin kaza duka ba. Raninmu shi ne sanyinsu, matsayin tsiro kuwa ɗaya ne nan da can.

HATSIN DA ZA A ZAƁA, DA WANDA ZA A GUJE WA

Alkama ta fi kowane daɗin sha'ani, ta kan tsira bai ɗaya ta kama juna da kyau, musamman yanzu da sanyi. Ana nomanta da rani a Kadawa ta ƙasar Kano da fadamun Haɗeja, sai dai tana da tsada. Gero shi ne na kowa, yana kuma da saurin fasa baki, kwana ɗaya ko biyu za ki ga farin ƙwantsi ya leƙo. Amma fa wanda ba a surfa ba, don surfe ya kan kashe idon ƙwayar. Masara ma tana yi, sai dai ta fi jinkiri, ta kuma fi saurin kama fumfuna. Shinkafa mai ɓawo tana tsira in ba a turara ta ba. Wake da waken suya kuwa a bar su, ɗanyensu ba ya yi wa kaza daɗi.

Dawa fa? A nan ina roƙonku ku saurara da kyau. Kada a tsirar da dawa a ba kaji, ko wace iri ce, kaura ko farfara. Kowane makiyayi ya san abin da gyauron dawa ke yi wa tunkiya ko saniya in ta afka masa, wani lokaci kafin a kawo wuƙa ta riga ta tafi. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da gubar da a ke kira sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. A shekarar 1984 waɗansu masana a Amurka suka auna, suka tarar gubar da ke fita daga tsiron da aka samu daga ƙwayar dawa gram 100 ta isa ta kashe babban mutum, balle kaza. Wata za ta ce, ai ana tsirar da dawa a yi abin sha da ita. Haka ne, amma can a kan shanya ta, a murje saiwar da kan tsiron a zubar, inda gubar ta fi taruwa ke nan, sa'an nan a niƙa a dafa. Kaza kuwa ɗanye za ta ci, har saiwa. Busasshiyar dawa ba laifi, a ci gaba da watsa musu yadda aka saba.

Haka nan kada a taɓa irin shuka na cikin leda wanda aka rina ja ko kore. Rinin nan alama ce an cakuɗa shi da maganin ƙwari, guba ne ga kaza, guba ne ga mai cin ƙwanta. Hatsin da ke warin magani daga rumbu ko daga kasuwa, da wanda ƙwaro ya huda, da mai warin daɗewa, duk a bar su.

Kafin ki jiƙa mai yawa, ƙirga ƙwaya 20 ki naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma kwana 3. In waɗanda suka tsira ba su kai 16 ba, nemi wani hatsin, domin ƙwayar da ta ƙi tsira ruɓewa za ta yi ta ɓata sauran.

YADDA A KE YI

Ga mai kaji 10, cikin gwangwanin madara ɗaya na busasshen hatsi ya isa a yini. Wannan bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsu ba, nan kuwa ya kamata a tsaya.

Ki wanke hatsin sarai, ki kwashe duk abin da ya taso sama, ƙaiƙayi da fanko. Ki jiƙa shi da tsabtataccen ruwa, irin wanda ke ma za ki iya sha, daga bayan isha'i zuwa asuba. Masara ta kan so yini da kwana, a sake mata ruwa a tsakani. Kada jiƙon ya zarce haka, in ba don haka ba hatsin zai shaƙe ya yi tsami.

Da safe ki tsane shi ki baza a cikin abin da ke yoyo: kwandon roba mai ƙananan huji, ko tsohon tire da aka huda da ƙusa, ko robar da ta tsage wadda da ma jefarwa za a yi. Kaurinsa kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, a tula shi da kauri don a sami da yawa, sai na ƙasa ya ɗau zafi ya ruɓe. Ki ɗora tiren a kan duwatsu ko bulo, gefe ɗaya ya ɗan fi tudu don ruwa ya gangare. Ki ajiye shi a inuwa mai iska da haske, kamar ƙarƙashin rumfa, ba cikin rana ba, ba kuma cikin rufaffen ɗaki ba. Ki rufe da yankin tsohon gidan sauro saboda ɓera da ƙuda da su kansu kajin.

Sau uku a yini ki kwarara masa ruwa ya ratsa ya fice: bayan asuba, bayan azahar, bayan magariba. Ba ban ruwa irin na lambu ba ne, wanki ne, saboda haka kada ruwa ya kwanta. Wanda ya tsiyaye ki tara a kwano ki zuba wa zogale ko ɗan lambunki, kada ki mayar wa tsiron.

Kwana biyu na farko saiwa za ta fito. A na uku ko na huɗu kan tsiron zai leƙo ya soma yin kore. Daga kwana 4 zuwa 5, sa'ad da ya kai tsawon ɗan yatsa, lokacin bayarwa ya yi. Masu tumaki da awaki su kan bari ya kai kwana 7, amma ga kaza gajere ya fi, don bai gama ƙone garinsa ba, kuma dogon ganye ya kan dunƙule a jakar nan da ke ƙasan wuyanta ya toshe ta. In ya riga ya yi tsawo, a yayyanka shi da wuƙa. In kina so ki riƙa samu kullum, ki tanadi tire biyar, kowace safiya ki shimfiɗa ɗaya ki ɗauke ɗaya. Wanda aka ɗauke a wanke shi da sabulu a kife a rana ya bushe kafin a sake zuba masa hatsi.

Tsiro ya fi son sanyin da bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba, shi ya sa hunturu ne lokacinsa. In bazara ta shigo, a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram zafi ya kan haura digiri 40, tsiro kuwa ya kan yi yauƙi da tsami tun bai kai ko'ina ba. Lokacin nan a rage jiƙo zuwa awa 6, a ƙara yawan wanki, a bayar a kwana na 3. In duk da haka ya ƙi, a haƙura, a koma ga ganyen zogale da ragowar alayyafo da latas, su ma suna yin aikin.

FUMFUNA

Babban abokin gaban wannan aiki fumfuna ne, domin ɗumi da laima da tsiro ke so su ne shi ma ya ke so. Wani irinsa yana fitar da gubar da a ke kira afulatoksin, mai lalata hanta. A shekarar 1960 ta kashe talo-talo fiye da 100,000 a Ingila, waɗanda aka ciyar da tunkuzar gyaɗa daga Birazil, a nan ne ma aka fara gano ta. A 2004 kuma ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masarar da ta lalace. Dafuwa ba ta kashe ta, wanki ba ya fid da ita.

Amma kada tsoro ya sa ki zubar da mai kyau. Saiwar tsiro tana da wani farin gashi mai laushi kewaye da ita, in kika zuba ruwa sai ya kwanta ya ɓace, ƙamshinsa kuwa irin na sabuwar ciyawa. Fumfuna kuwa kamar saƙar gizo ya ke, yana haɗa ƙwaya da ƙwaya, ruwa ba ya ɓatar da shi, ya kan zama toka-toka ko kore-kore ko baƙi, da warin rima. Ki riƙa ɗaga tabarmar kina duba ƙasanta, kina sansanawa. In kin ga alama ko a gefe ɗaya ne, ki haƙa rami ki binne tiren hatsin duka inda kaji ba za su tono ba. Kada ki yanke wurin ki ba da saura. Hasarar gwangwani ɗaya ta fi hasarar akurki sauƙi.

YADDA A KE BAYARWA

Da safe ki ba su abincinsu na kullum su ci su ƙoshi. Tsiro sai da la'asar, a cikin tsabtataccen faranti, gwargwadon abin da za su cinye kafin su shiga kwana. Abin da ya rage a kwashe. 'Yan tsaki kuwa a bar su da tsakinsu da abincinsu har su yi wata guda, sa'an nan a fara ba su kaɗan, yankakke.

Wadda ke haɗa abincin kajinta da kanta kada ta sake da ƙuli-ƙuli marar fumfuna, ko gasasshen waken suya, ko garin kifi, ko gara in tana samu, waɗannan su ne masu kawo ƙwai. A ajiye musu ɓawon ƙwai da aka gasa aka daka, ko ƙonannen ƙashi, a wani ɗan kwano dabam, da tsakuwa ƙanana don ƙundu ya sami abin niƙa. Tsiro kuma ba magani ba ne. Annobar nan da kan share akurki da hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, ba abin da ke tare ta sai rigakafi. Ana yin maganin rigakafinta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, sai a tuntuɓi malamin dabbobi na kusa tun kaji suna lafiya.

Daga ƙarshe ga shawarata. Kada ki ɗauki maganata, kada kuma ki ɗauki ta masu cewa mudu ya zama shida, kajinki su za su raba gardama. Ki sami gawayi ki riƙa zana ƙwan kowace rana a jikin bango, mako biyu kafin ki fara ba da tsiro, mako biyu kuma bayan kin fara. In ƙwai yana nan yadda ya ke ko ya ƙaru, gwaiduwa ta yi kyau, to, ki ci gaba. In ya ragu, ki rage tsiron ki ƙara abinci. Yaran gida ma su kan ji daɗin wannan ƙirga, sai ki ba ɗaya daga cikinsu aikin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar yadda a ke kama gara da tukunya don 'yan tsaki. Allah ya sa wa kiwonmu albarka, amin.